Kafin Ka Kai Zancen Shagonmu Gaban Ɗalibai

Ɗana,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan Daura lafiya lau, sai ƙafar Innarka da ke motsawa in sanyi ya shigo.

Labari ya iso mini, ba kuma daga bakinka ba, cewa a can Katsina za ka rubuta wa ɗalibanka labarin wata matsala ta gaske don su yi nazari a aji, kuma ka zaɓi abin da ya sami shagonmu bayan rufe iyaka a watan Agustan 2019. Hanyar ba ta da laifi. A Harvard ta Amurka masu karatun shari'a sun fara koyo ta haka tun 1870, masu karatun kasuwanci suka ɗauka daga baya. Malamanmu na zaure ma sun daɗe suna jefa mas'ala: wane ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya da bashi, yaya za a raba? Sai su yi shiru, almajiri ya yi ta gumi.

Na riƙe alli kafin in riƙe mudu, don haka ka saurara. Kada ka faro daga tarihin kakanka, ba mai buƙatarsa. Ka faro daga safiyar da dole a yanke shawara: kaya jibge a sito, hanyar Kwangwalam ta bakin iyakar Nijar a toshe, masu bin bashi na sallama a ƙofa. Mutum ɗaya za ka ɗora wa nauyin, ka ba ɗalibai abin da ya sani a ranar kawai: farashin buhu a kasuwar Mai'aduwa, yawan bashin, da hanyoyin da ke gabansa. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwarka, kana makaranta lokacin. Littafin bashi yana nan, rasidai suna nan. Da ka kawo mutumin bakin shawara, ka ajiye alƙalami. Abin da ya zaɓa da yadda ta kaya, ka rubuta a takarda daban, taka ce kai malami.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Baffanka ne. Ka ce wa ƙanwarka za ka canza sunaye, shi ke nan asiri ya rufu. A Daura? Yaro ɗaya ɗan unguwarmu a ajin nan ya isa. Kafin la'asar takardar ta shiga WhatsApp, kafin magariba ana karanta ta a majalisar mai shayi. Wa zai ji "wa da ƙani masu shagon hatsi" ya kasa ganewa? Ƙanwarka a gidan Baffanka take aure, ko ka manta? Bayan saɓanin da muka yi da shi a kan shagon, da ƙyar dattawa suka zaunar da mu tabarma ɗaya. Na yi shiru a lokacin ba don ba ni da abin faɗa ba, na haɗiye ne don ku sami dangi. Yanzu kai, da karatun da shagon nan ya biya, za ka tone abin da na binne don a ce darasinka ya yi armashi? Kul! Kuma kada ka kuskura ka mai da ni mai gaskiya, shi mai laifi. Ɗalibi bai koyon komai a labarin da aka riga aka yi masa hukunci, mu kuma zumunci ne zai tafi.

Na san ba da mugun nufi ka ɗauko ba, kai mai tausayi ne tun kana ƙarami. To, ka canza garin, ka canza sana'ar, ka mai da 'yan'uwan abokan ciniki, ka taɓa lambobin ta yadda lissafin zai ci gaba da tsayuwa. Sannan ka zo da takardar, ka karanta wa Baffanka ita da bakinka kafin wani ɗalibi ya gani. In ya ce a'a, ka nemi wani labarin, kasuwa cike take da su.

Innarka na gaishe ka, ta ce ka taho da yaran. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka