Wasiƙa daga Jos zuwa ga aminina na Jidda

Jos, Jihar Filato.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Mu ma lafiya lau, sai dai sanyi ya sauko mana da ƙarfi bana, irin wanda ka sani, wanda sai an ɗora ruwan alwala a wuta da asuba. Inna tana gaishe ka, kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka leƙo gida.

Daren da ka kira ni hankali a tashe kana tambaya ko da gaske ana ƙone-ƙone a Bauchi Road, na ce maka babu komai, ka kwanta. Dare ya yi, ban tsaya dogon bayani ba. Kafin wannan kuma ka nemi shawarata a kan dawo da manyan yaranka su yi sakandare a gida. Tambaya biyu ka yi mini, amma da na zauna na duba sai na ga bakinsu ɗaya, shi ya sa na ɗauki biro.

Saƙon da ya tayar maka da hankali, shi ne ya tashi makarantarmu washegari. Muna cikin darasi wajen ƙarfe goma sai na hango iyaye sun cika bakin ƙofa, Keke Napep na ta sauke wasu. Akwai wata uwa da ta zo ko takalmi babu, mayafinta a hannu, tana kiran sunan ɗanta da ƙarfi. Wani ya miƙo mini waya na saurara: muryar wani mutum ce yana haki, bai faɗi sunansa ba, bai faɗi rana ba, sai dai "an fara, an fara, kowa ya kwashe yaransa." Ɗaya daga cikin malamanmu ya je har Terminus ya dawo, ya ce masu tumatir da dankali suna ta cinikinsu. Amma ina, aji ya riga ya watse. Ban ga laifin iyayen nan ba. Wanda ya ga rikicin Jos na 7 ga Satumbar 2001, ya ga na Nuwamban 2008 da na Janairun 2010, ba za ka ce masa ya tsaya bincike ba alhali ɗansa na waje. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar wani dattijo. Na ce a kunna rediyo mu ji ko akwai sanarwa, sai ya dube ni ya ce, "Malam, su wa? Ai su sai abin da aka ba su suke faɗa." Ya yarda da muryar da bai san mai ita ba, bai yarda da gidan rediyon da ya san ƙofarsa ba.

Ka tuna shagon Baba a Gangare? Ka tuna yadda dattawa ke zagaye rediyon nan mai jakar fata bayan magariba? In gardama ta yi tsawo wani ya ce "BBC ta faɗa" ko "na ji a Rediyo Kaduna", magana ta ƙare. Mu kuwa aikinmu karatun jarida. Ana miƙo mana Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, mu karanta da babbar murya, wani lokaci kuma Nigeria Standard ta nan Jos, mu karanta mu fassara. Muna aji biyar na firamare fa a lokacin, 'ya'yan talakawa, 'yan makarantar gwamnati da shirin ilimi kyauta na 1976 ya kwaso. Malamanmu masu takardar Grade II ne, amma ba sa barin yaro ya wuce aji bai iya haɗa baƙi ba.

To ga abin da nake gani yau. A farkon zangon nan na kira wani yaro ɗan aji biyar na sakandare, dogo, mai ladabi, wanda ke taya mahaifinsa sayar da katako bayan an tashi. Na ba shi sakin layi ɗaya ya karanta. Ya ɗora yatsa a kan kalmar farko, leɓensa na motsi, murya ba ta fita. Ya kai layi na biyu da ƙyar, gumi na karyo masa cikin wannan sanyin, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, a yi haƙuri." Wallahi ni ne na ji kunya. Shekara goma sha ɗaya yana zuwa makaranta, yana sa yunifom, ana karɓar kuɗin jarrabawa, ana ciyar da shi gaba. Kuma ba shi kaɗai ba ne a ajin da ya haura ɗalibai 80, wasu uku uku a benci, wasu a ƙasa. Yaron nan yana da waya. Tunda rubutu ya gagare shi, duk abin da ya sani game da duniya ta kunne yake shigo masa, daga saƙon murya da bidiyon TikTok. Ta yaya zai duba kwanan wata a ƙasan hoto? Ta yaya zai karanta labari ɗaya a jaridu biyu ya auna?

Dalilan ka san su, ba sai na ja ba. An rufe kwalejojin horon malamai na da, koyarwa ta koma aikin wanda ya rasa abin yi, albashi ba ya kai rabin wata. A 2017 da aka yi wa malaman firamare gwaji a Kaduna da tambayoyin 'yan aji huɗu, fiye da 21,000 cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka sa ba. Jami'a kuwa, ƙungiyar malamanta ASUU ta yi yajin aikin wata tara a 2020, ta sake yin na wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Amma ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hannun iyaye a ciki. Uba zai cire ɗansa daga hannunmu ana gab da jarrabawar ƙarshe, ya kai shi wata makarantar bayan gari inda ake rubuta amsa a allo, ya dawo yana nuna mana kiredit tara. Ya san ɗansa bai iya ba. Mu ma mun sani. Yaron ma ya sani, kuma darasin da ya ɗauka shi ne takarda daban, gaskiya daban.

Ko hukumomin ma ba su taimaka ba. A Agustan 2025 WAEC ta fitar da sakamako ta ce kashi 38 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Jaridu suka buga, iyaye suka yi kuka, wasu yara suka sha faɗa. Cikin 'yan kwanaki hukumar ta dawo ta ce an yi kuskure wajen maki, adadin ya koma kusan kashi 63. Na yaba da suka amsa laifinsu, amma ka san abin da aka ce a teburin mai shayi? "Kun gani ko? Duk lissafin na bogi ne."

'Yan jarida kuma suna da nasu kason. Akwai na kirki, na san wasu da ke yini a rana don su tabbatar da magana ɗaya. Amma mutane sun ga yadda ake raba ambulan bayan taro, sun ji sojojin baka sun sayi fili a rediyo suna yabon wanda suka zaga jiya. Mu a Jos kuma mun daɗe muna ganin yadda ake ba da labarinmu: wata jarida ta ƙirga gawar ɓangare ɗaya, wata ta ƙirga ta ɗayan, kowa ya sayi wadda ke kuka irin nasa. Da amana ta zube, mutane ba su daina neman labari ba, sai suka koma inda ya fi muni. A rikicin Barikin Ladi na Yunin 2018, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook, aka tare hanya aka kashe matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba. Daga baya BBC ta bi diddigi ta gano hoton jaririn da aka fi yaɗawa daga Kongo yake, kuma ya yi shekaru. A cikin kwanakin nan ne Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, amma labarinsa bai yi saurin hoton ƙaryar ba.

Yanzu kowace safiya ina ware minti goma kafin darasi. Ina shiga da tsohuwar jarida, yaro ɗaya ya karanta, sauran su amsa tambaya uku: wa ya faɗa, yaushe, da idonsa ya gani ko ji ya yi? Na ce musu ba baƙon abu na kawo ba. A Islamiyya sun haddace ayar Suratul Hujurat da ta ce in fasiƙi ya zo da labari a yi bincike, sun kuma ji yadda malaman hadisi ke bin isnadi mutum bayan mutum. Yaron katakon nan yana tsayawa bayan an tashi muna bin littafin 'yan aji uku. Makon jiya ya karanta shafi guda bai tsaya ba.

Game da yaranka, shawarata ka bar su su ƙarasa inda suke. In kuwa dole ne su dawo, ka zo da kanka, kada ka zaɓi makaranta ta waya ko don fenti da motar ɗaukar ɗalibai. Mu shiga tare, ka roƙi a kira maka yaro ɗaya daga tsakiyar aji, ka ba shi jarida ya karanta maka, sannan ka yanke hukunci. In kuma ka sake jin an ce Jos ta kama da wuta, kira ni kafin ka tura wa kowa, ko da ƙarfe biyun dare ne.

Idan akwai littattafan labarai da yaranka suka gama da su, na Turanci ko na Larabci, ka ba masu dawowa daga Umara su taho mini da su. Akwatin ajinmu guda bakwai kawai ke ciki.

Ka gaida Hajiya da yara. Ka sa mu a addu'a in ka shiga Harami.

Wassalam,
Naka amini.