A gyara zanen Yuranus da Neftun a ajujuwanmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in ja hankalin malaman kimiyya kan zanen duniyoyin da ake mannawa a bangon aji. A yawancinsu Zuhal kaɗai ake yi wa zobe, Yuranus da Neftun kuwa sai a ɗiga su can gefen takarda, wani lokaci ma girmansu ɗaya da duniyarmu. Gyaran bai wuce laka da waya da rula ba.

Faɗin duniyarmu kimanin kilomita 12,750 ne, na Yuranus 51,000, na Neftun 49,500. Idan malami ya mulmula laka mai faɗin santimita 1 a matsayin duniyarmu, Yuranus za ta zama santimita 4, Neftun 3.9, Zuhal 9.5, Mushtari 11. Yuranus ce ta fi faɗi, amma Neftun ta fi ta nauyi: ninki 17 na duniyarmu, ita kuwa 14.5, domin kayan cikin Neftun sun fi matsewa. Kada kuma a ce wa yara daskararriyar ƙanƙara ce a cikinsu. Cakuɗen ruwa ne da amoniya da metan, mai tsananin zafi.

Wajen zobba aka fi tafka kuskure. Yuranus tana da 13. An fara gano su ranar 10 ga Maris, 1977, lokacin da masu bincike a cikin jirgin sama ke jiran ta gifta gaban wani tauraro, sai hasken tauraron ya yi ta dusashewa yana dawowa tun kafin ta iso, ya sake yin haka bayan ta wuce. Manyansu baƙi ƙirin ne kamar gawayi, ga siranta. Mafi haske, Epsilon, faɗinsa daga kilomita 20 ne zuwa 96. A ma'auninmu zai zauna santimita 4 daga tsakiyar lakar, kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Saboda haka faffaɗan kwalin da ake yanka wa Zuhal bai dace da nan ba. A fere tsohuwar wayar lantarki, a zaro sili ɗaya, a lanƙwasa, a shafa masa baƙin fenti. Sannan a kwantar da Yuranus a gefenta, domin ta karkace da digiri 98. Wanda ya shimfiɗa zoben a kwance ya ɓata aikin.

Neftun manyan zobba biyar gare ta, kumbon Voyager 2 ne ya tabbatar da su a 1989. Na waje, Adams, a sa shi a santimita 4.9, a ɗan kaurara waje guda, don ƙurarsa ta taru guntu-guntu a ɓangare ɗaya.

Watanninsu ba su kai namu ba, mai faɗin kilomita 3,474. Titania, babban watan Yuranus, 1,578 ne, ko rabi bai kai ba. Triton na Neftun kimanin 2,700 ne, ƙwayar gero ta isa ta wakilce shi, a santimita 28 daga tsakiya. A zana kibiyarsa tana baya, domin yana kewaya Neftun saɓanin yadda take juyawa, abin da ya sa masana ke ganin kama shi ta yi daga waje. Adadin watannin kuwa a rubuta shi da alli, domin yana sauyawa: Neftun 16, Yuranus ta daɗe a 27, ta koma 28 a 2024, na'urar hangen nesa ta James Webb ta ƙara hango wani a 2025.

Kada a haɗa girma da nisa a ma'auni ɗaya cikin aji. A wannan lissafi Yuranus za ta nisanci rana da sama da kilomita 2, Neftun 3.5. Nisan a yi masa nasa darasin a filin ƙwallo, da ƙaramin ma'auni.

Wassalam,
Wani malamin kimiyya, Zariya