A ba wa maƙerin jirgin da ya sauka Kano haƙƙinsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku kan jiragen saman da suka fara sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, guda uku, daga Helwan ta ƙasar Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Allah ya saka da alheri. Sai dai har aka rufe shirin ban ji an ambaci wanda ya ƙera su ba. Ni kuwa bakanike ne, hannuna kullum cikin baƙin mai, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Samfurin jiragen DH.9A ne, kuma DH ɗin nan sunan mutum ne: Geoffrey de Havilland, ɗan Ingila. Da babur da injin mota ya fara. Kakansa ya ba shi fam 1,000, shi da abokinsa Frank Hearle suka haɗa jirgi, injin ma shi ya zana da kansa. A gwajin farko jirgin ya ɗaga kaɗan, fikafikan suka karye, ya dawo ƙasa ragargaje. Ya tsince injin daga cikin tarkacen, ya sake ƙera wani jirgin, wanda ya tashi lafiya a 1910, har gwamnati ta saya kan fam 400. Duk wanda ya taɓa kwance inji ya ɗaura, ya buga ya ƙi tashi, ya san nauyin zuciyar da ake buƙata a sake ɗaukar sufana washegari.

A 1914 ya koma kamfanin Airco a Hendon. Jirginsa DH.9 ya sha suka saboda injinsa ba ƙarfi, ga yawan mutuwar injin a sama. Da aka ɗora masa injin Liberty na Amurka mai ƙarfin doki 400 aka faɗaɗa fikafikan, sai ya zama DH.9A ɗin da Kanawa suka gani. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kasuwa ta faɗi, Airco ya rushe, shi kuma ya buɗe kamfaninsa a 1920. Can aka yi injin jirgi mai suna Gipsy, aka yi jirgin Comet da ya fara jigilar fasinja da injin jet a 1952. 'Ya'yansa biyu a gwajin jiragen kamfanin suka rasu, ɗaya a 1943, ɗaya a 1946.

Don Allah ku ware masa shiri guda, ku sa shi da yamma bayan la'asar, lokacin da yaran garejinmu ke zaune kusa da rediyo.

Naku mai saurare,
Wani bakanike daga Fagge, Kano