Injiniya, ga labarin murhun da ka tambaya

Assalamu alaikum Injiniya,

Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya jikin Hajiya, ya aiki ya kuma fama da tsadar siminti. Mu nan Alhamdulillah sai dai sanyi, yanzu kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk a jere suke zuwa, in ka yi wasa a wurin aiki sai ka tarar biyu sun wuce ka.

Na ga tsiyar da ka yi min a ƙasan hoton sabon murhun ɗumama falonmu, wai na haye teku na zo Bradford ta Ingila don in koma hura wuta a tsakar falo. To na ji. Amma tunda bayan tsiyar ka jero tambayoyi irin naku na magina, kuma nasan saƙon murya ba zai ɗauke su ba, bari in zauna in warware maka, don nasan kai ba kyan hoton ne ya dame ka ba, so kake ka ji me ke ƙarƙashi.

Gidan dai irin na jere ne, bango ɗaya da maƙwabci dama da hagu, na dutse, cikin waɗanda aka gina wa ma'aikatan masaƙun ulu tun zamanin Sarauniya Biktoriya lokacin da garin nan ke tashen arzikin ulu. A lokacin da kwal ake ɗumama gida, shi yasa kusan kowane ɗaki akwai murhunsa a jikin bango, kuma ginin bututun hayaƙin ya turo cikin falo ya miƙe har ya fasa rufi. Waɗanda suka zauna kafin mu sun toshe bakin da allo sun liƙa wata tsohuwar hita ta gas mai munin tsiya, Maman yara tun ranar da muka tare take hararar abin nan.

Ita a lissafinta aikin na sati ne, a cire hita, a sayo firam ɗin mabul fari mai kanta a sama, a jingina a bango, a ɗora agogo. Firam ɗin kuwa shi ne abu na ƙarshe da aka ɗora, kuma ba shi ya ci kuɗin ba.

Farko sai da aka kira mai gas, don nan haramun ne mai sana'a ya taɓa bututun gas in ba mai rajista da Gas Safe ba, wato rajistar masu aikin gas ta hukuma. Ya yanke ya toshe. Allon da aka rufe ramin da shi ma bamu taɓa ba sai da aka gutsuri kaɗan aka kai gwaji, saboda a shekarun baya da asbestos suke irin wannan rufin, sai 1999 aka hana shi gaba ɗaya a ƙasar nan, kuma ƙurarsa in ta shiga huhu ta shiga kenan. Namu ya fito lafiya. Da birkila ya ɓanɓare allon ya fara sassaƙe filasta sai ga ainihin bakin murhun ya bayyana, ya fi yadda muka zata faɗi nesa ba kusa ba, an cike gefe da gefe da ɓaraguzai ne kawai, kuma a sama ga linta na dutse guda ɗaya zungurere ko tsagewa babu. Kai da kake faɗa da yaranka kullum kan rodi nawa za a sa wa linta, da ka ga wannan sai ka yi shiru, sama da shekara ɗari yana ɗauke da ginin nan.

Sai mai sharar bututu ya zo. Sana'a ce sosai a nan, da motarsa da injin zuƙe ƙura da kyamara. Ya rufe bakin da zane ya dinga haɗa sanduna yana tura buroshi sama, can sai muka ji rugugi, ƙirare ne suka zubo da busasshiyar ciyawa da gashin tumaki da kunkunniya baƙa ƙirin, har da murfin kwalba da wata igiyar takalmi. Wasu tsuntsaye ne dangin hankaka suke sheƙa a ciki, jefa ƙirare suke yi har sai sun maƙale sannan su gina a kai. Buhu ya cika fam. Bayan nan ya kunna wani ɗan ƙwaya mai fitar da hayaƙi ya toshe sama, yace mu zaga ɗakuna mu duba, ai kuwa sai ga hayaƙi na tsattsafowa ta gefen silin a ɗakin yara. Turɓayar da ke tsakanin bulon ta zaizaye. Ka ga da mun bi ta firam kawai mun cinna wuta, abin da yaran za su kwana suna shaƙa kenan. Dole aka zura bututun ƙarfe mara tsatsa tun daga saman rufi har ƙasa, wannan da kuɗin hawa rufin su suka kwashe kaso mafi tsoka na abin da muka tanada.

Ka tambaya me yasa wutar take cikin akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi, ba a buɗe ba kamar yadda ake gani a finafinai. Dalili biyu ne. Buɗaɗɗen murhu ɓarna ne, yawancin zafin bin hayaƙi yake ya gudu sama, gabanka na ƙuna bayanka na rawar ɗari, shi kuwa na ƙarfen yana riƙe sama da kashi 70 cikin ɗari. Sai kuma doka. Tun baƙin hazon da ya rufe Landan a Disambar 1952, wanda a lokacin aka ce ya kashe mutum kusan 4,000 daga baya masu bincike suka ce abin ya kai wajen 12,000, suka kafa dokar tsaftar iska a 1956, aka ware unguwanni da ba a yarda hayaƙi ya fita ta bututunka ba. Tamu na ciki. In kana son ƙona itace sai da murhun da DEFRA, ma'aikatar muhallinsu, ta amince da shi, in kuwa kansul, wato ƙaramar hukuma, ta kama bututunka na tuƙa hayaƙi tarar daga fam 175 ce zuwa 300. Itacen ma tun Mayun 2021 an hana sayar da ɗanye a ƙananan ɗauri, sai wanda danshinsa bai wuce kashi 20 ba. Wallahi har ɗan na'ura na saya mai tsinke biyu da ake soka wa itace ya nuna danshi, ni da na tashi ina faskare a tsakar gida.

Daɓen ƙasa kuwa nasan shi za ka fi so. A ƙa'idarsu ta gini, kankaren da ke ƙarƙashin murhun da ke cikin bango kaurinsa kar ya gaza santimita 12.5, ya fito gaba santimita 50, ya wuce bakin ramin da 15 kowane gefe, saboda falon duk katako ne a ƙasa. Namu na asali yana nan a ƙarƙashin kafet, gyara kawai aka yi masa. A kansa ake shimfiɗa dutsen da ido ke gani, shi kuma dole ya wuce ƙofar murhun da aƙalla 22.5, in irin wanda ake iya barin ƙofarsa a buɗe ne 30, kuma ya ɗan ɗara ƙasan ɗakin tudu don kowa ya san nan ne iyaka kar a ja kafet ko dardumar sallah har can. Birkilan ya ƙi sa shi falle ɗaya, gida uku ya yanka shi, yace tsakiya ke ɗaukar zafi gefe na sanyi, in babu gaɓar da zai motsa to da kansa zai tsage ya yi wa kansa gaɓar.

To yanzu rigimar firam.

Ita mabul take so fari tas. Muka je shago, masu sauƙin kuɗin ashe ba mabul ba ne tsantsa, garin dutse ne aka kwaɓa da roba aka zuba a mazubi, mai shagon da bakinsa yace na hitar lantarki ne da gas, wutar itace za ta ɓata shi. Na gaskiyan irin na Carrara da ake kawowa daga Italiya kuɗinsa ba na irinmu ba ne, kuma ko na samu bazan kai farin dutse gaban toka da hannun yara ba. Ni kuma zuciyata ta tafi kan na ƙarfen zubi na zamanin gidan, mun gansu jingine a wani fili da ake sayar da kayan tsofaffin gidajen da aka rushe, baƙaƙe masu zanen ganye, da tayil biyar biyar a jere dama da hagu, kore da ruwan ƙwai, wani ma har yanzu da tsohon fenti a lungunan zanen. Sun yi kyau ƙwarai. Sai dai bakinsu ƙarami ne don ɗan kwandon kwal aka yi su, akwatin ƙarfenmu ba zai shiga ba, na haƙura ina waiwaye.

Na katako shi ne kowa ke yi yanzu, a kafa wani jibgegen gungume a saman ramin shikenan. Ni bai kwanta min ba sam, kuma ƙa'ida ma ta taimake ni, don bututun da ya fito daga kan murhun dole ya nisanci duk abin da wuta ke ci da ninki uku na faɗinsa, in na santimita 15 ne sai ka ba shi 45. A namu ramin gungumen sai ya haye can sama ya zama wani abu daban. Na shiga gidajen da aka yi ganganci aka matso da shi, ƙasan katakon ya yi baƙi ya daddare, masu gidan na cewa wai ado ne.

Ƙarshe dutsen garin muka ɗauka, irin mai launin ƙasa-ƙasa da ake haƙowa a nan Yorkshire, wanda da shi aka gina gidan kansa. Ƙafa biyu, kai ɗaya, kanta a sama, babu zane babu ƙwalisa in banda ɗan lanƙwasa a gefe. Maman yara ta yi kwana biyu tana cewa na saya mata dutsen niƙa, yanzu ita ke tura hotonsa gida. Dutsen yana shan maiko, don haka aka shafe shi da maganin da ke toshe ƙofofinsa kafin wani ya ɗora kofin shayi.

Wajen kafawa na tsaya a kansu ƙyam, don abu ɗaya ne ya hana ni barci. An sha samun yara ƙanana a ƙasar nan da kantar dutse ta rufto musu suka mutu, har hukumar kula da lafiyar wuraren aiki ta fitar da gargaɗi a kai, kuma dalilin kusan ɗaya ne, an liƙa dutsen da gam ko ɗan siminti kawai, yaro ya kama ya yi lilo. Kasan Auta, duk abin da ya fi shi tsawo sai ya hau. Kantar nan mutum biyu ƙarti ne suka ɗaga ta suna nishi. Don haka sai da aka kankare filasta har bulo, kowane yanki aka huda shi aka sa masa ƙarfen riƙo aka ɗaure da noti cikin bulon, tsakanin ƙafa da kai kuma aka zura sandunan ƙarfe, sannan aka bi gaɓoɓin da kwaɓin farar ƙasa. Da suka gama na kama kantar na saki nauyina duka, birkilan na dariya yace kowane uba sai ya yi haka. Cikin ramin kuma bulon asali muka bari aka wanke aka sake cike tsakaninsu, don filastar gida ta yau da kullum bata jure zafi, fashewa take ta zubo.

Wanda ya haɗa murhun mai rajista da HETAS ne, ƙungiyar da ke tantance masu wannan aikin, shi ya sanar da kansul ya bamu satifiket, in babu takardar nan ranar sayar da gida ko ranar da ka nemi inshora ta biya ka za ka gane kurenka. Ya kuma kafa ƙararrawar da ke jin iskar nan mai kisa mara wari, tun 2010 dole ce ga duk sabon murhun itace. Ita ce dai iskar da ke kashe mutane a gida lokacin hunturu in an kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe, ko an shigo da janareta cikin gida. Dan Allah ka yi wa su Hajiya magana kan kaskon nan, nasan halinta in sanyi ya shigo.

Talabijin kam na hana a rataye shi a saman kanta, zafi zai cinye shi kuma wuya zai yi ciwo, yana nan a lungun gefe inda yake.

Maganar Alhajin naka mai gini a Jos da yace yana so a yi masa irinsa, Jos kam da sanyinta, tsofaffin gidajen Turawa na can ma ai da murhunsu. Amma ka gaya masa tun daga fandisho ake yanke wannan shawarar, bututun ya tafi a miƙe ya ɗara ƙololuwar rufi, katakon rufi kar ya taɓa shi, a bar wa iska hanyar shigowa ɗakin in ba haka ba hayaƙin falo zai dawo. In ado kawai yake so to ka yi masa firam ɗin ka sa hitar lantarki a ciki kowa ya huta. Ka turo min zanen falon in gani, zan auna namu in turo maka da hotunan yadda aka ɗaure ƙarfen kafin a rufe, na ɗauka da yawa.

Abin da ya rage mana yanzu ragar da za a kifa a saman bututu saboda tsuntsayen nan kar su dawo da bazara, mai aikin yace sai iska ta lafa zai hau. Sai kuma shingen ƙarfe na yara da na yi oda bai iso ba, kafin nan Auta baya shiga falo in da wuta.

Ka gaida Hajiya da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaida madam da yara da duk mutanen majalisa, Maman yara ma tana gaisuwa tace a tuna maka alkawarin kuka da daddawa in an samu mai tahowa.

Sai na ji ka.

Naka,
mutumin Bradford