Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jahar Maraɗi: dashen kyauta ya shigo kasuwa

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina fatan an shiga damina lafiya.

Ni mai gandun dashe ne a bakin Gulbi, abin da mutanen gari ke kira pepiniya. Shekara 16 ke nan ina cika leda da ƙasa da taki, ina renon mangwaro da lemu da gwaba da bedi. Yara huɗu na ɗauka aiki, kuma ba a taɓa zuwa karɓar patanti, wato harajin sana'a, na ɓuya ba.

Bana, tun ruwan farko bai gama jiƙa ƙasa ba, wata ƙungiya ta sauke amalanke biyu na dashe daf da inda nake baje nawa. A allonta an rubuta cewa ba riba take nema ba. Mangwaro mai aure, wato wanda aka haɗa masa reshen iri mai kyau, da nake sayarwa jika 1 (dala 200), ita tana ba da shi dala 50. Kafin sati ya zagayo, masu garka da suka saba da ni shekara da shekaru suna wucewa ta gabana suna sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu ba. Ni ma in na ga arha ba na tambayar asalinta.

Amma kai, ranka ya daɗe, ya kamata ka tambaya. Leda an ba su kyauta. Iri kyauta. Rijiya da injin ban ruwa, masu ba da agaji ne suka saya. Mai yi musu aure albashi yake ɗauka ko dashe ya kama ko ya mutu. Lanho, wato haraji, kuwa bai san ƙofarsu ba. An ce banza ba ta kai zomo kasuwa, to a Maraɗi ta kai mangwaro, har ta kafa masa rumfa.

Bari in faɗa maka abin da ke cikin jikar nan tawa. Ƙwallon mangwaro sai ya yi wata da watanni a leda kafin karansa ya kai kaurin da za a yanka. Sai a nemo reshe daga uwa mai kyau, a fere, a haɗa, a ɗaure, a jira. Ba duka ke kamawa ba. Duk tsawon bazara, lokacin da rana ke ƙona tafin ƙafa, safe da yamma muna ban ruwa da man da muka saya da kuɗinmu. Wanda ya sayi mai aure a wurina yana sa ran ɗanɗana ɗan itacensa cikin shekara 3 ko 4, maimakon ya jira kusan ninkin haka. In kuma ya fito ba irin da na faɗa ba, ya san inda zai same ni, domin ina nan. Ƙungiya fa? Ranar da kuɗin aikinta ya ƙare, allon ma cire shi ake yi. A lokacin mu an riga an karya mu, sai mai garka ya nemi dashe ya rasa wurin saye.

Ba na buƙatar tuna maka cewa a garin nan aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a 1984, zamanin Seyni Kountché, wanda har yau ake kira Alkawarin Maraɗi. Abin da aka tsayar shi ne jama'a su riƙe aikin itace da hannunsu. A shekarar ce kuma aka fitar da dokar ƙungiyoyi, wadda ta bambanta ƙungiya da kamfani da abu guda: ba a kafa ta don raba riba ba. To wanda ya baje haja a bakin titi yana ciniki yana ba da canji, da wane suna za mu kira shi? Kowace ranar 3 ga Agusta ana fitowa da manyan riguna a dasa itace, a ɗauki hoto, a yi jawabi kan sana'ar matasa. Madalla da jawabi. Yaran nan huɗu su ne matasan, kuma biyu na sallama a watan jiya.

Darasin ma a gonakinmu yake. Kafin Toni Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya, ya fara nuna wa manoman jahar nan sassaben zamani a 1983, wato barin tohon kututtuka a gona a rene shi ya zama itace, an yi ta rabon dashe, akasarinsa awaki da rani suka cinye. Gawon da ya cika gonaki yanzu ya rayu ne saboda manomi ya san nasa ne. Haka mangwaron da mutum ya cire kuɗi ya saya: shinge yake masa tun ranar farko.

Kada a ce ina faɗa da matan ƙauye da ke renon zogale ɗari biyu su sayar su sayi sabulu. Waɗannan abokan sana'ata ne, wahalarmu ɗaya. Kuma ban ce ƙungiyoyi ba su da amfani ba. Makarantu da yawa inuwarsu daga hannunsu ta fito. Roƙona, don Allah, a raba layi. Dashen da aka reno da kuɗin agaji ya tafi makarantu da maƙabartu da ƙauyukan da aka rubuta a takarda, kyauta, yadda aka yi niyya. Ƙungiyar da ke son ciniki ta yanki patanti, ta sa farashin da ya ƙunshi ledarta da ruwanta, mu gwabza. Mafi sauƙi ma, in suna buƙatar dashe dubu, su zo su saya a wurinmu. Kuɗin ya tsaya a gari, sana'ar kuma ta rayu bayan sun tafi.



Ka aiko ma'aikatan gandun daji su zagaya bakin Gulbi kafin Agusta, su tambayi kowane mai dashe wa ya biya ledarsa. Ni zan nuna musu rasit ɗina da layin mangwaron da ya fara fasa leda saboda rashin mai saye.

Allah ya taimake ka.

Wani mai gandun dashe, Maraɗi