Maƙabartar Tana Baru: lauje da tsintsiya kaɗai ba sa tsare kushewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in ba masu karatu labarin wata tsohuwar maƙabartar Musulmi da ke birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, inda neman abinci ya kai ni, da na mutanen da suke kula da ita ba tare da ana biyansu ko kwabo ba. Na shiga aikinsu ina zaton gyaran maƙabarta bai wuce lauje da tsintsiya ba, sai na tarar cewa abin da ya hana wannan wuri salwanta shi ne ƙungiya mai ɗorewa da kuma bin diddigin takardun fili, kuma wannan ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Sunan maƙabartar Tana Baru, wato sabon fili a harshen Malay. Tana can ƙarshen titin Longmarket, a saman unguwar Bo-Kaap, a gangaren tudun da ake kira Signal Hill, inda mutum yake hango tsakiyar birni da tashar jiragen ruwa a ƙarƙashinsa. Musulmin farko na wannan gari yawancinsu bayi ne da fursunonin siyasa waɗanda Turawan Holan suka kwaso daga tsibiran Indonesiya da ƙasar Indiya da gabashin Afirka, kuma ba a yarda su yi addininsu a fili ba sai a shekarar 1804. A 1805 aka ba su wannan fili a hukumance, ko da yake tun kafin nan sun riga sun fara rufe mamatansu a wurin.

A cikin waɗanda suke kwance a nan akwai Imam Abdullahi ɗan Ƙadi Abdussalam, wanda mutanen gari suka fi sani da Tuan Guru, ma'ana babban malami. Ɗan sarautar tsibirin Tidore ne, Turawan Holan suka kawo shi a 1780 suka tsare shi a tsibirin Robben, wanda daga baya aka tsare Nelson Mandela a cikinsa. A wannan kurkuku, babu mus'hafi a hannunsa, ya zauna ya rubuta Alƙur'ani da ka, kuma duk wanda ya tashi a tsangaya ya san irin haddar da ake bukata kafin alaramma ya yi haka. Bayan an sake shi ya buɗe makaranta a titin Dorp, inda aka kafa masallacin Auwal a 1794, masallaci na farko a ƙasar, ya kuma rasu a 1807. Akwai kuma kabarin Abubakar Effendi, malamin da Daular Usmaniyya ta aiko, wanda ya rasu a 1880 bayan ya wallafa littafin fikihu da harshen Afirkans cikin haruffan Larabci, irin yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da ajami.

Bayan annobar agana ta 1882, hukumar Turawan Ingila ta yi dokar kiwon lafiya a 1883, kuma da ita aka rufe maƙabartar ranar 15 ga Janairun 1886. Musulmi ba su yarda ba, domin sabon wurin da aka nuna musu yana da nisa ƙwarai, alhali su a kafaɗa suke ɗaukar makara su taka da ita. Kwana biyu bayan rufewar, mutane kimanin 3,000 suka ɗauko gawar wani yaro suka hau tudun suka binne shi a Tana Baru, aka yi arangama da 'yan sanda, aka kama jagoransu Abdol Burns. Duk da haka dokar ta zauna, kuma daga nan aka daina kai sababbin mamata wurin.

A nan ne, ya Edita, nake son masu karatu su tsaya su duba da kyau. Maƙabartar da ake ci gaba da rufe mutane a cikinta ba ta rasa masu zuwa, domin kullum akwai jana'iza, akwai masu haƙa, akwai 'yan uwa masu ziyara. Amma ranar da aka ce ta cika ko an rufe ta, sai ƙafa ta fara ɗaukewa, waɗanda suka san wane ne a wane kabari su ma su bi bayansu ɗaya bayan ɗaya, ciyawa ta rufe hanya, sannan masu neman fili su fara kallon wurin da wani ido daban. Haka ta faru da Tana Baru shekaru da dama, har wasu dattawan unguwa da masana tarihi irin su marigayi Achmat Davids suka tashi tsaye a kanta, aka kuma kafa ƙungiyar amintattu ta Tana Baru Trust a 1998.

Wani maƙwabcina da muke salla tare shi ya ja ni zuwa aikin gayya wata Asabar. A wannan gari damina da sanyi tare suke zuwa, daga Yuni zuwa Agusta, don haka kafin zafi ya shigo ciyawa ta kai gwiwa, kuma idan aka bar ta ta bushe sai ta zama abincin gobara a wuri mai iska kamar wannan. Na tarar da mata da maza, da ɗaliban makarantar Islamiyya, da tsofaffin da ba sa iya sunkuyo amma sun zo da shayi da gurasa. Aka ba ni safar hannu da manjagara da baƙar leda. Abin da muka kwashe bai bambanta da na kowane kango ba: kwalabe, da robobi, da tokar wutar da wasu suka hura da dare. Ina cikin aiki na ci karo da wani dutse fale-fale da ya karkata cikin ciyawa, na sa hannu zan ɗauke shi in jefa a baro, sai wani dattijo ya riƙe mini hannu a hankali, ya durƙusa ya goge fuskar dutsen da tafinsa, sai ga alamar haruffan Larabci da ruwa da iska suka kusa cinyewa. Ya nuna mini cewa ba a ɗaga dutse daga inda aka same shi, ko da babu rubutu a jikinsa, domin wataƙila shi kaɗai ne shaidar da ta rage cewa akwai mutum a ƙasa. Na ji kunya ƙwarai, kuma ban gama dawowa hayyacina ba sai igwar da ake harbawa kowace rana, ban da Lahadi da ranakun hutu, da ƙarfe goma sha biyu daga saman tudun ta tashi, na yi tsalle na yar da manjagara, yaran da ke kusa suka yi ta dariya a ɓoye.

Akwai ƙubbobi a kan wasu kaburburan manyan malamai, kuma na san malamanmu sun daɗe suna saɓani a kan gini a kan kabari. Ba wannan ya kawo ni ba, kuma ban ji wani daga ɓangarorin biyu ya taɓa halatta zubar da shara a kan mamaci ko gina shago a kansa ba.

Abin da ya fi buɗe mini ido ya faru ne a 2018. Filin Tana Baru ba a hannun mutum ɗaya yake ba, domin tun a ƙarni na 19 wasu sassansa suna rubuce da sunayen iyalai, suna ta gangarowa ga magada. A wannan shekara sai aka wayi gari an tallata filoti biyu na cikin maƙabartar za a yi gwanjonsu, a unguwar da kuɗin fili yake ta hauhawa saboda kusancinta da tsakiyar birni. Duk ciyawar da masu sa kai suka nome a shekaru ashirin ba za ta hana a buga guduma ba. Abin da ya hana shi ne akwai ƙungiyar da ta san iyakokin wurin da tarihinsa, ta kuma san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, mutanen unguwa da malamai suka mara mata baya, har aka fasa gwanjon. A 2019 gwamnatin ƙasar ta sanya Tana Baru cikin wurare 19 na Bo-Kaap da ta ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa, abin da ya ƙara mata kariya a gaban doka.

Ban iya kallon wannan ba tare da tuna tsohuwar maƙabartar garinmu ba. Zuwana gida na ƙarshe na shiga don in yi wa kakata addu'a, na yi ta zagaye ban gane kabarinta ba, domin ruwan damina ya yanka kwari ta tsakiya, katangar gabas ta faɗi, awaki suna kiwo a ciki, kuma bayan wasu shaguna ya shigo inda na san a dā kusheyi ne. Tsohon mai gadin da ya haddace inda kowa yake ya rasu, kuma bai bar komai a rubuce ba saboda babu wanda ya taɓa neman ya rubuta. Matasan unguwa suna fita aikin gayya kowace damina da fartanya da adda, Allah ya saka musu da alheri, amma da na tambayi wa yake riƙe da takardar filin, sai kowa ya dubi ɗan uwansa.

Saboda haka nake ba ƙungiyoyin matasa da kwamitocin masallatai shawara, kafin su sake tara kuɗin lauje da baro, su fara zama da mai unguwa da limami a kafa amintattu na dindindin masu rajista, a kira ma'aunin fili ya auna maƙabartar ya kafa duwatsun iyaka, a rubuta ta a matsayin waƙafi, a ajiye kwafin takardar a wuri fiye da ɗaya. Sai a sayi babban littafi a zauna da tsofaffin masu haƙar kabari tun suna da rai, a rubuta wane ne a wane sashe, a kuma yanka musu ɗan abin hasafi duk wata, domin yawancinsu sadakar masu jana'iza ce kaɗai abincinsu. Magudanar ruwa ma ta fi fentin ƙofa muhimmanci, ko da yake ba ta kyau a hoto.

Kai kuma, ya Edita, ina roƙon ka tura wakilanka su zagaya tsofaffin maƙabartun biranenmu, musamman waɗanda suka cika aka daina rufe mutane a cikinsu, su tambayi hukumomin filaye da ƙananan hukumomi da sunan wa aka rubuta kowace ɗaya, sannan ka buga mana amsar da aka ba su.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka,
Cape Town, Afirka ta Kudu.