Wasiƙa daga Ingila a kan cocin da ke jiran sabon Fada

Aminina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya uwargida da yara, yaya mutanen Wusasa? Saƙonka ya iso tare da hoton tallar da ƙanenmu Rabaran ya gani a jaridar Church Times, ta cocin nan da ke neman firist. Tambaya biyu ka yi: me ya sa coci zai shekara har da ɗoriya babu makiyayi alhali bishop yana nan, kuma ko ya dace Rabaran ya tura takardarsa. Amsar ta biyun tana rataye da kalma guda da ke cikin tallar, wadda na lura kun tsallake ta, wato Anglo-Katolika. Da ita zan fara.

Mu Anglikan na Arewa 'ya'yan CMS ne, ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila da ta kawo mana bishara. Sujadar da su Dakta Miller suka bar mana mai sauƙi ce, wa'azi ne ginshiƙinta. Anglo-Katolika kuwa wani reshe ne na gida ɗaya, wato Cocin Ingila. Ana ƙirga farkonsu daga wa'azin da John Keble ya yi a Oksfod ranar 14 ga Yuli 1833, su Pusey da Newman suka ɗora. Matsayinsu shi ne Cocin Ingila bai taɓa yankewa daga tsohuwar ikilisiya ta manzanni ba, saboda haka magadansu suka maido da abubuwa shida da aka daɗe da ajiyewa: firist ya sa rigunan Mas, ya fuskanci gabas a gaban bagade, a kunna kyandir a kansa, a yi amfani da gurasa marar yisti, a ɗiga ruwa cikin ruwan inabi, a ƙona turare. Ba a ruwan sanyi suka samu ba. Majalisar dokoki ta kafa doka a 1874 don ta taka musu birki, har aka ɗaure Fada Arthur Tooth a 1877. Jama'ar da aka taɓa kai limamansu kurkuku a kan irin waɗannan abubuwa ba za ka zo ka ce musu turare ado ne kawai ba. In kana son ka ga kamanninsu a kusa, dubi Anglikan na Ghana, waɗanda wata ƙungiyar mishan mai suna SPG ta rena ba CMS ba.

A irin wannan coci Fada ake ce wa firist, Jibin Ubangiji kuma Mas, kuma kusan kome a kan bagade yake tsaye. Shi ya sa rashin firist ya fi yi musu ciwo fiye da kowa. Cocin da wa'azi ne jigonsa zai iya yin wata shida mai karatu yana hawa mumbari, jama'a ba su ji wani giɓi sosai ba. A nan kuwa mai karatu zai iya wa'azi, ya bi da addu'ar safe, har ya binne mamaci, amma ba zai tsarkake gurasa ba, ba zai saurari mai furta zunubi ya sanar masa da gafara ba. Kuma ba Lahadi kaɗai ake Mas ba. Da yawansu suna yi kullum ko sau uku zuwa huɗu a mako. Akwai tsarkakakkiyar gurasa da ake ajiyewa cikin ɗan akwati mai kulle, fitila na ci a gabansa dare da rana, daga nan ake ɗiba a kai wa marasa lafiya. Dole a riƙa sabunta ta, domin ginin dutse a sanyin Ingila raɓa gare shi, kuma sabuntawar sai firist.

To wa ke riƙe coci in Fada ya tafi? Wodin guda biyu, wato masu kula da coci waɗanda ba limamai ba da jama'a ke zaɓa duk shekara, tare da shugaban firistocin yankin. Babban aikinsu cike jadawali. Suna bin tsofaffin firistoci masu ritaya da bishop ya ba izinin hidima, a biya su kuɗin zuwa da na mota. Ritaya a nan galibi ba ta wuce shekara 70, ka ga masu taimakon dattawa ne, wasu durƙuso ma sai da dabara. Abin da ke fara faɗuwa shi ne Mas na tsakiyar mako, kuma in ya faɗi, tayar da shi wuya, don tsofaffin da ke zuwa ranar Laraba sun riga sun saba da zaman gida. Babban Mas mai firist da dikin da mataimakin dikin yakan koma na mutum ɗaya. Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne Mako Mai Tsarki: Lahadin Dabino, wankin ƙafa ranar Alhamis da tsaro har tsakar dare, Juma'a, sannan sabuwar wuta da babban kyandir a daren Ista. Wodin da bai kama firist tun kafin Larabar Toka ba, zai tarar kowa an riga shi. Haka man shafewa kala uku da bishop ke tsarkakewa a wannan makon, na masu shirin baftisma da na marasa lafiya da na keɓewa. In ba a wakilta wani ya je ya karɓo ba, sai a shekara ana lallaɓa tsohon.

Akwai al'ada mai ƙarfi cewa ba a canja kome a wannan tsakani. Ba a matsar da bagade, ba a sauya littafin sujada. Dalilin a bayyane yake: da zarar babu Fada, duk mai tsohon ƙorafi sai ya ga dama ta samu. Gini kuma ko da Fada ba a taɓa shi sai da izinin kotun dayosis.

Yanzu ga dalilin jinkirin. A wurinmu bishop ne ke rubuta wasiƙar canjin wuri, kafin wata ya ƙare sabon Rabaran ya sauke kaya. A Ingila hannu uku ne a cikin tuwon. Akwai bishop, akwai ikilisiya, akwai kuma majiɓinci, wato wanda ke da haƙƙin gabatar da firist, gadon zamanin da mai ƙasa ke gina coci ya kawo limaminsa. Majiɓincin kan zama bishop ɗin kansa, ko Sarki, ko kwaleji irin ta Keble a Oksfod, ko wata ƙungiya ta 'yan wannan reshe kamar Guild of All Souls, wadda aka kafa a 1873. Dokar 1986 ce ta tsara rabon aikin. Majalisar ikilisiya, wato PCC ɗin da ku ma kuke da ita, takan zauna ba tare da firist mai barin gado ko matarsa ba. A zaman za ta amince da takardar bayanin coci, ta zaɓi wakilai biyu waɗanda ba limamai ba, ta yanke ko za ta roƙi a buga talla, da ko tana son zama na musamman da bishop da majiɓinci. Sai a tace masu nema, a kira uku ko huɗu ganawa. Majiɓinci ba zai miƙa wa kowa aikin ba sai bishop ya yarda, wakilan nan biyu ma sun yarda, kuma kowanensu na da ikon ƙi muddin ya rubuta dalili. In wata 18 ya cika ba a naɗa kowa ba, haƙƙin ya kuɓuce wa majiɓinci. Ko an dace tun zagayen farko, sai an binciki tarihin mutumin a kan kare yara da masu rauni, bishop ɗinsa na yanzu ya rubuto shaida, shi kuma ya ba cocinsa sanarwar wata uku. Haɗa lissafin ka gani, shekara ba ta da wuyar cika. In talla ta fita ba wanda ya dace, a sake daga farko.

Wani lokaci jinkirin na kuɗi ne, ko da ba a faɗa. Ikilisiya na ci gaba da biyan kasonta ga dayosis, ita kuwa dayosis ba ta biyan albashi, wanda a 2024 ya kai wajen fam dubu 30 a shekara ban da gida. Bishop na iya dakatar da haƙƙin majiɓinci har shekara biyar ya sa firist na riƙo, musamman in ana tunanin haɗa coci biyu ko uku a hannun mutum ɗaya. Wasu tallace-tallacen ma gida kawai suke bayarwa, a madadin hidimar Lahadi da kwana biyu a mako, babu albashi. Rabaran ya duba wannan layin da kyau. Gidan Fada kuwa in ya zauna ba kowa a hunturu, ruwa kan daskare ya fasa bututu, shi ya sa ake zuƙe ruwan ko a ba da gidan haya na ɗan lokaci.

Ga inda maganar ta fi zafi. An naɗa mata firistoci na farko a Biristol ranar 12 ga Maris 1994, mace ta farko kuma ta zama bishop a Janairun 2015. Wannan ya raba Anglo-Katolika gida biyu. Wasu sun karɓa hannu bibbiyu, cocinsu na da turare da ƙararrawa da mace a bagade. Wasu sun ce ba su da ikon canja abin da Roma da ikilisiyoyin Gabas ba su canja ba. Daga cikin waɗannan akwai da suka koma Roma a 2011 ta ƙofar da Paparoma Benedict ya buɗe musu, sauran suka tsaya. Sanarwar bishop-bishop ta 2014 ta ba masu tsayawar hanya: PCC ta zartar da ƙuduri cewa saboda imaninta tana roƙon firist namiji da kulawar bishop namiji. Sai an ba da sanarwar mako huɗu kafin zaman, kuma ƙudurin na buƙatar rinjaye a zaman da kashi biyu cikin uku suka halarta, ko rinjayen dukan 'yan majalisar. Daga nan sai bishop na dayosis ya haɗa su da ɗaya daga cikin bishop-bishop da aka tanada, irin su na Fulham a Landan, ko na Richborough, ko Oswestry, ko Beverley a arewa. Lokacin da babu Fada ne ake sake duba wannan ƙuduri, kuma a nan ne mutanen da suka shekara talatin a benci ɗaya kan daina gaisawa. Cocin da ke da ƙudurin ba zai karɓi kowane mai ritaya ba, sai namiji da bishop namiji ya naɗa, ka ga jadawalin wodin ya ƙara tsukewa.

A ganina, yawancin naɗin da ke lalacewa daga takardar bayanin nan yake lalacewa. Majalisa kan rubuta cocin da take mafarki maimakon wanda take da shi. A sa hoton ranar biki da coci ya cika, a ɓoye cewa Lahadin yau da kullum mutum arba'in ne. A ce ana son wanda zai jawo matasa, alhali ba a yarda a matsar da lokacin Mas ko da rabin sa'a ba. A yi shiru a kan rufin da ke yoyo, ko da yake rahoton maginin da ke duba coci duk shekara biyar ya faɗa ƙarara. Mai hankali kan nemi wannan rahoto, da lissafin kuɗi na shekara uku, da rajistar hidima inda ake rubuta yawan masu karɓar Jibi kowace rana. Rajistar nan ta fi kowane hoto faɗin gaskiya.

Game da Rabaran, ga shawarata ba kwana-kwana. Kasancewar Cocin Najeriya ba ya naɗa mata firistoci na iya sa ya zaci shi da masu ƙudurin abu ɗaya ne. Sun haɗu a wannan gaɓa, amma sauran hanyar daban. Za su so su ji ko ya iya rera Mas, ko ya san yadda ake turara bagade da yawan kaɗawa, ko ya saba sauraron masu furta zunubi shi ma yana da wanda yake furta wa, ko zai yi addu'a domin matattu ranar 2 ga Nuwamba da zuciya ɗaya, ko zai ja ayari zuwa Walsingham wurin girmama Maryamu. Masu hidimar bagade a can, mai riƙe kaskon turare da mai ɗaukar gicciye da mai tsara sujada, wasunsu sun fi shekara arba'in suna yi, daga yadda mutum ya ɗaga hannu suke gane ko a littafi ya koya. Da yawa daga cikin firistocinsu daga kwalejin St Stephen's House a Oksfod ko kwalejin Mirfield suka fito. In lamirinsa bai kwanta da waɗannan ba, kada ya nema don biza. Akwai coci masu yawa irin namu na CMS da za su fi dacewa da shi. In kuwa zuciyarsa ta karkata can da gaske, ya fara zama mataimaki a ƙarƙashin wani Fada tukuna. Ta kowace hanya, wanda aka naɗa a ƙetare sai ya sami izinin Akbishop na Kantabari ko na Yok bisa dokar 1967, da wasiƙar bishop ɗinsa na gida, da mai ɗaukar nauyin bizarsa ta ma'aikacin addini, wanda galibi dayosis ce.

Ranar da aka dace kuwa, bikin na da kyan gani. Sabon Fada zai yi rantsuwar biyayya ga Sarki da ga bishop, bishop ya damƙa masa kulawar rayuka, sannan acidikin, wato babban firist mai taimaka wa bishop, ya kai shi bakin ƙofa ya ɗora hannunsa a kan mabuɗi, ya kai shi ya kaɗa ƙararrawa don unguwa ta ji. Tsofaffi kan ƙirga bugun a ɓoye, wai adadinsa ne shekarun da zai yi.

Ka ce wa Rabaran ya rubuta wa adireshin da ke ƙasan tallar ya nemi cikakkiyar takardar bayanin, ya turo mini in karanta, musamman shafin da ya ambaci ƙuduri da sunan bishop mai kula da su. Ka gaida Mama, ka gaida uwargida da yara da dukan 'yan'uwa a coci. Allah ya bar zumunci.

Naka,
amininka a Landan